Sikeli Ma Sai An Auna Shi: Daidaita Na'urorin Awo a Asibitocin Mayahi da Tasawa

Kowace na'urar awo ta asibiti, tun daga sikelin da ake rataya yaro har injin da ke ƙirga ƙwayoyin jini, tana gocewa da sannu-sannu daga saitin da aka ƙero ta da shi. Sifirin ɗin cikin sikeli yana saki saboda yawan ɗaukar nauyi, fitilar da ke haska jini a cikin inji tana dusashewa, robar da ke tare iska a bututun ɗibar ruwa tana bushewa ta tsage. Haka kayan aiki suke, ko da an kula da su. Daidaita na'ura shi ne a gwada ta da wani ma'auni da aka tabbatar da gaskiyarsa, a ga iya tazarar da ta yi, a rubuta, sa'annan a mayar da ita kan saiti in tana mayuwa, ko a jingine ta in ba ta mayuwa. Shaida kuwa takarda ce da wani ƙwararre na waje yake sa wa hannu, yana tabbatar da cewa a rana kaza an gwada na'ura mai lamba kaza da ma'auni kaza, ga kuma abin da ta nuna.

Gundumomin Mayahi da Tasawa, a jihar Maraɗi, kowace tana da mutane fiye da 500,000 bisa ƙidayar 2012. Kowace tana da asibitin gunduma guda, ƙarƙashinsa akwai cibiyoyin lafiya da ake kira CSI a garuruwa irin su Kanan Bakashe, Isawan, Korgom da Urafan, ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Abin da ya gagari gunduma sai a tura shi Maraɗi, abin da ya gagari Maraɗi sai Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. A irin wannan wuri, lambar da mai awo ya rubuta a takarda sau da yawa ita ce magana ta ƙarshe. Babu wani ɗakin gwaji a unguwa ta gaba da za a je a sake awon a kwatanta, kuma mahaifiyar da ta taso daga ƙauye a kan amalanke ko babur ba za ta dawo gobe don a maimaita ba.

Na'urar da ta mutu tana da sauƙin sha'ani, domin kowa ya san ta mutu. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, bayan sun duba bayanan kayan asibiti fiye da 100,000 a ƙasashe masu tasowa, ya nuna kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Adadin yana da tayar da hankali, amma waɗannan su ne aka gani. Wadda ta fi haɗari ita ce na'urar da ke kunnuwa, ta yi ƙara yadda ta saba, ta fitar da lamba tsaf a fuskarta, alhali lambar ta kauce. Likita ba shi da hanyar gane wannan da ido. Zai karɓi lambar ya gina magani a kanta.

Ya kamata a fara da sikeli, ko da yake mutane ba su cika lissafa shi cikin kayan gwaji ba, domin a wannan yanki babu na'urar da ta kai shi yanke hukunci a kan rayuwar yara. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, awon nauyi da tsawo da kaurin damtse ya zama aikin kullum a cibiyoyin lafiya. Ana sa yaro a wandon awo a rataya shi a sikeli mai ɗaukar kilo 25, wanda kowace zara a fuskarsa giram 100 ce, a kwantar da shi a allon tsawo, sa'annan a duba jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. A wannan jadawali, namiji mai tsawon santimita 75 yana shiga tamowa matsakaiciya in nauyinsa ya gaza kilo 8.1, yana shiga mai tsanani in ya gaza kilo 7.5. Tsakanin matakan biyu giram 600 ne kacal. Sikelin da sifirinsa ya saki, yana ƙara rabin kilo a kan kowane yaro, zai iya ɗaga yaron da ke bakin haɗari ya mayar da shi rukunin masu sauƙi, a sallame shi ba tare da an rubuta shi cikin masu karɓar abincin jinya na Plumpy'Nut ba. Kuma kuskuren ba a kan yaro ɗaya zai tsaya ba. Duk yaron da aka rataya a sikelin nan, daga Litinin zuwa Juma'a, wata da watanni, sai ya sha shi.

Kowa a kasuwar Mayahi ya san abin da ke faruwa in gindin tiya ya loɓa: mai saye yana biyan kuɗin tiya cikakkiya, yana tafiya gida da abin da bai kai ba, ko da mai sayarwa bai yi niyyar cuta ba. Bambancin shi ne a kasuwa mai saye yana iya zuwa da tasa tiyar ya gwada, a asibiti kuwa majiyyaci ba shi da tasa.

Da nauyin yaro ake lissafa maganinsa ma. Allurar atesunet da ake yi wa mai tsananin zazzaɓin cizon sauro miligiram 2.4 ce a kan kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Haka ruwan da ake ɗaurawa, haka madarar jinya a sashen CRENI inda ake kwantar da masu tamowar da ta haɗu da wata cuta. Yaro mai tamowa zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa, don haka kuskuren da ƙato zai shanye bai sani ba yana iya kai shi ƙasa. Duk da wannan nauyi da ke wuyan sikeli, duba shi ba ya cin komai. Kowace safiya a rataya wandon babu kowa a ciki, a juya maɓalli har allura ta tsaya a kan sifili, sa'annan a rataya ƙarfen da aka san nauyinsa, kamar na kilo 5 da na kilo 10, a rubuta abin da ya nuna. A gwada da nauyi biyu ko uku, domin sikeli yana iya faɗin gaskiya a kilo 5 ya goce a kilo 12. Tef ɗin damtse, wanda jansa yake ƙarewa a milimita 115, ba a saita shi. In ya lanƙwashe ko lambobinsa sun goge, sai a jefar a ɗauko sabo.

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke kan ganiyarsa, rumbuna kuma ba su gama cika ba, awon ƙarfin jini shi ne abin da aka fi nema a ɗakin gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙara wa yaro jini in awonsa ya gaza giram 4 a desilita, ko in yana tsakanin 4 da 6 tare da alamun haɗari kamar wahalar numfashi. Ana yawan yin wannan awo da ƙaramar na'ura irin HemoCue, wadda ke haska ɗigon jini ta auna hasken da ya wuce. In ƙura ta kwanta a tagar hasken, ko ƴan faifan da ake ɗibar jinin da su sun sha zafi da laima bayan an bar gwangwaninsu a buɗe, lambar tana sauyawa. In ta ƙara, yaron da ke bukatar jini ya rasa. In ta rage, a ɗaura wa wanda bai bukata ba, a ɓarnatar da ledar da aka sha wuya kafin a samu mai bayarwa. Na'urar awon suga ita ma tana da nata tarkon: da yawa daga cikinsu suna nuna suga sama da gaskiya in jinin majiyyaci ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma yaron da zazzaɓi ya cinye wa jini shi ne dai wanda suga ke yawan faɗo masa. Mai awon da ya san na'urarsa yana sane da wannan, yana kuma gaya wa likita.

Yanayin ƙasar yana hanzarta gocewar. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, alhali yawancin sinadaran gwaji an yi su ne don a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu ma a firji. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, har cikin idon madubin duba ƙwayoyin cuta. Ga kuma lantarki. Wutar da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram tana shigowa ne daga Katsina ta Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 an ga yadda abin yake in aka koma kan janareto da hasken rana. Wuta mai hawa da sauka tana gajiyar da na'ura ko ba ta ƙone ta ba. Saboda haka wa'adin shekara guda da kamfanoni ke rubutawa a littafin na'ura, wanda aka tsara shi don ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, iyaka ce ta nesa. A Mayahi, hankali ya fi kwanciya in ana yin ƙananan dube-dube tsakanin babban daidaitawa da na gaba.

Ma'aunin zafi shi ne mai gadin sauran kaya. Ruwan rigakafi yana zama tsakanin digiri 2 da 8, jinin da aka tara tsakanin 2 da 6, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki tana bukatar digiri 121 na minti 15 aƙalla. Ana rubuta zafin firji safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofarsa, amma takardar ba ta da amfani in ma'aunin da ake karantawa ya goce da digiri 3. Firjin da ke nuna 2 alhali yana ƙasa da sifili yana daskarar da allurar penta da ta tetanus, kuma daskarewa tana kashe ƙarfinsu. Ƴar alamar da ke manne a jikin kwalba, mai sauya launi in zafi ya yi yawa, ba ta nuna daskarewa. Hanya mafi sauƙi ta gwada ma'aunin zafi ita ce a daka ƙanƙara ta ruwa mai tsabta, a zuba ɗan ruwa, a tsoma shi a jira: dole ya nuna sifili ko dab da shi.

To, shi ƙarfen kilo 5 da ake gwada sikeli da shi, wa ya tabbatar da shi? Amsar silsila ce. Ƙarfen asibiti ana gwada shi da na hukumar awo ta ƙasa, na hukumar kuma da na wata cibiya da ta fi ta ƙwarewa, har a kai ga ma'aunin da duniya ta amince da shi. Tushen wannan tsari yarjejeniya ce da ƙasashe 17 suka sa wa hannu a Paris ranar 20 ga Mayu 1875. Daga 1889, kilo na duniya wani ɗan curin ƙarfe ne da aka adana a garin Sebur kusa da Paris. Da aka yi ta kwatanta shi da kwafe-kwafensa, sai aka ga sun saɓa da kimanin maikurogiram 50 cikin ƙarni guda, abin da ya sa ranar 20 ga Mayu 2019 aka ajiye shi, aka ɗora kilo a kan wani adadi na ilimin fiziks da ba ya sauyawa. A Nijar, hukumar ANMC da ke Yamai ita ke da alhakin ƙa'idoji da awo da shaidar inganci, sa'annan ƙasashen ƙungiyar UEMOA suna da hukumar SOAC a Abijan, mai tantance su kansu ɗakunan da ke daidaita kayan wasu. In mahaɗi ɗaya ya ɓalle a silsilar, takardar da ke ƙarshe ba ta tabbatar da komai.

Takardar shaida ta gaskiya tana ɗauke da sunan na'ura da lambarta, ranar aiki, ma'aunin da aka yi amfani da shi da tasa shaidar, abin da na'urar ta nuna kafin a taɓa ta da bayan an gyara, gwargwadon shakkar da ta rage a awon, da sa hannun mai aikin. Layin da ya fi muhimmanci shi ne na kafin a taɓa ta, domin shi ke faɗin halin da majiyyatan watannin baya suka shiga. Takardar da aka rubuta wa "lafiya lau" kawai, babu lambobi, ko ɗan tambarin da aka manna ba a kawo ma'auni ba, ado ne. Kuma ko takarda mai kyau shaidar rana ɗaya ce. Sikelin da aka daidaita a Maraɗi, aka ɗoro shi bayan mota ya sha gargadar hanya, sai an sake duba shi in ya sauka.

Abin da ke cike tsakani shi ne gwajin kullum. Kafin a taɓa jinin majiyyaci na farko, ana sa wa inji wani samfuri da kamfani ya haɗa, wanda aka san adadin da ke cikinsa, yawanci ɗaya mai ƙasa, ɗaya mai sama. Ana ɗiga sakamakon kowace rana a kan jadawali mai layin tsakiya da layukan iyaka, dabarar da masana biyu, Levey da Jennings, suka kawo ɗakunan gwaji a 1950, James Westgard kuma ya tsara mata ƙa'idojin karatu a 1981. In ɗigo ya tsallake iyakar waje, a tsayar da aiki. In ɗigo goma suka jeru a gefe guda na layin tsakiya, ko da ba su tsallake komai ba, na'urar ta fara jan ƙafa zuwa wani ɓangare. Fensir da takarda sun isa wannan aiki. Haka bututun pipet mai ɗibar ruwa ɗan mitsitsi: mililita ɗaya ta tataccen ruwa nauyinta kusan giram ɗaya ne, don haka in aka ɗiba sau goma aka auna a sikeli mai tsananin daidaito, za a gane ko yana rage wa ko yana ƙarawa.

Manyan na'urori suna da nasu tsarin. GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamba 2010 don gano tarin fuka da jurewarsa ga magani, ana tantance ta sau ɗaya a shekara da wasu kwanso na musamman, kuma ba ta son ɗakin da ya wuce digiri 30. Kowace na'ura kuma tana da iyakar abin da take iya gani. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, na'urar LeadCare II da aka kai tana tsayawa ne a maikurogiram 65 a desilita, jinin yara da yawa kuwa ya zarce nan, sai da aka riƙa sirka shi ko aika shi waje kafin a san ainihin adadin. A Mayu 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin kamfanin da ya ƙera LeadCare suna iya nuna ƙasa da gaskiya in jinin daga jijiya aka ɗebo shi. Shahara da tsada ba sa ɗauke wa na'ura bukatar a kwatanta ta da wata hanya.

Maganar ta shafi ruwan sha ma. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha tun tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na haddin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da ɓatattun haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Abin da ya faru a can rashin bin diddigin ruwan ne, amma na'urar da ba a daidaita ba tana iya kai gari ga wannan ƙarshe tare da takarda mai cewa ruwan yana da kyau. Na'urorin awon ruwa ana saita su ne da ruwaye na musamman da aka san adadinsu, kamar masu lamba 4, 7 da 10 na awon tsami, kuma waɗannan ruwaye suna da ranar lalacewa.

Bayan shaidar na'ura ɗaya-ɗaya akwai shaidar ɗakin gwaji gaba ɗayansa. Ƙa'idar ISO 15189, wadda ta fito a 2003 aka kuma sabunta ta a 2022, ita ce ta ɗakunan asibiti, ISO 17025 kuma ta ɗakunan awo da daidaitawa. Cika su a tashi ɗaya yana da wuya ga asibitin gunduma, shi ya sa bayan sanarwar Maputo ta Janairu 2008, ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙaddamar da tsarin hawa mataki-mataki a Kigali a 2009. Masu duba suna zuwa da jerin tambayoyi, ɗakin da ya ci kashi 55 cikin 100 ya samu tauraro ɗaya, wanda ya kai 95 ya samu biyar. Akwai kuma jarrabawar waje, inda babban ɗaki yake aiko da samfurin da shi kaɗai ya san amsarsa, ko a kwashi gilasan tarin fuka da na zazzaɓi da aka riga aka karanta a ba wani ya sake dubawa bai san abin da na farko ya rubuta ba. Manyan ɗakuna na ƙasa irin CERMES da LANSPEX a Yamai suke, kuma amfaninsu ga Mayahi da Tasawa yana rataye ne a kan samfuri ya riƙa zuwa yana dawowa a kan lokaci.

Inda aka fi samun giɓi shi ne kuɗi. Mai kyauta yana son sayen sabuwar na'ura, domin ana ganinta, ana ɗaukar hotonta ranar miƙawa. Kuɗin samfurin gwaji na kowane wata, da man motar ƙwararren da zai zo daga Maraɗi ko Yamai, da ƙarfen awo, ba wanda ke yi musu biki, don haka su ake fara yankewa. Wannan kuskure ne babba. Duk na'urar da za a karɓa, ya kamata a rubuta tun ranar farko wanda zai daidaita ta, sau nawa a shekara, da aljihun da kuɗin zai fito, kuma kwamitocin kula da cibiyoyin lafiya, waɗanda mutanen gari ke ciki, suna da hurumin tambayar a nuna musu littafin kowace na'ura. Ziyara ɗaya ta ƙwararre tana iya zagaye asibitin gunduma da cibiyoyin da ke ƙarƙashinsa, kuma saitin ƙarafan awo guda yana iya yawo tare da masu sa ido na gunduma.

In aka gano na'ura ta goce, aikin bai tsaya ga gyara ta ba. Ana manna mata alama a daina aiki da ita, a buɗe rajista a koma baya zuwa ranar ƙarshe da aka tabbatar tana daidai, a fitar da sunayen waɗanda aka yi wa awo tun daga ranar, a duba waɗanda sakamakonsu yake dab da iyakar yanke hukunci. Yaron da aka auna kilo 7.8 a sikelin da ke ƙara rabin kilo, ko mai cikin da aka ce jininta ya isa, ana aika musu ta hannun wakilin lafiya na ƙauye su dawo a sake awo. In ana rubuta dubawa kowace safiya, komawa bayan ta kwana ɗaya ce; in sau ɗaya ake yi a shekara, rajistar shekara guda za a bi shafi-shafi.